Mu da Muke Rubutu Tsakanin Ciwo da Ciwo

Ni haifaffiyar Gusau ce, a nan na tashi, a nan nake zaune har yau, kuma da ciwon sikila aka haife ni. Mahaifina AS ne, mahaifiyata ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba shi da ciwon, sun yi aure a zamanin da babu mai maganar gwajin jini kafin a shafa fatiha. Irin waɗannan ma'aurata, duk cikin da aka samu akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. A ɗakinmu abin ya faɗo a kaina da wani yayana da Allah ya karɓi abinsa tun bai isa shiga makaranta ba. Ban taɓa ganin laifin iyayena ba. Abin da ba a sani ba a lokacinsu, yanzu an sani, don haka duk saurayi da budurwar da suka zauna kusa da ni sai sun ji maganar gwaji, ko suna so ko ba sa so.

Wanda bai san ciwon ba yakan ɗauka kasala ce ko shagwaɓa. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 tana aiki, tamu kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininmu a ƙasa yake, idanu su yi rawaya, a yi ta cewa shawara ce. Idan sanyi ya kama mutum, ko ruwan jikinsa ya yi ƙaranci, ko zazzaɓin cizon sauro ya shige shi, sai ƙwayoyin su lanƙwashe su yi siffar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Duk inda jini ya kasa kaiwa, nan ciwo yake tashi. Ni a ƙugu da gadon baya da yatsun hannu ya fi kama ni. Mutanen gari suna murnar shigowar hunturu saboda an huta da zafi, ni kuwa daga Disamba zuwa Janairu cikin safa biyu da ruwan ɗumi nake wuni, ko alwala sai an ɗora mini tukunya.

Kwanciyar jinya ce ta koya mini karatun littattafan Hausa. Ƙawayena suna aji, ni ina ɗaki, sai ƙanena ya je shagon haya ya karɓo mini littafi. Daga karatu na koma cika littattafan makaranta da nawa labaran. Da waya ta zo hannuna sai na shiga sahun marubutan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad da Facebook. Wanda ya san harkar ya san yadda take: ka fara littafi kyauta, in ya karɓu ka mayar da shi na kuɗi, masu karatu su biya ta banki ko su turo katin waya, daga nan kuma sun zama masu binka bashi. Kullum da dare suna jiran ci gaba. In aka kwana biyu shiru sai saƙonni su fara shigowa: "Malama, kin ci kuɗinmu kin yi shiru." Ba na jin haushinsu, haƙƙinsu suke nema. Sai dai wannan tsari an gina shi ne a kan mai lafiya, wanda ya san gobe zai tashi yadda ya kwanta. Mai ciwo irin nawa ba ya iya yi wa kowa alkawarin gobe.

Wata rana, bayan an yi mini ƙarin jini an sallamo ni, na rubuta wa masu karatuna doguwar ban-haƙuri, na faɗa musu gaskiyar abin da ke ɗauke ni. Addu'o'i suka yi ta zuwa, Allah ya saka musu. A cikinsu akwai saƙon wata baiwar Allah daga Argungu, ita ma marubuciya, wadda ta nemi lambata ta kira ni. Muryarta a dushe take amma babu rauni a cikinta. Ta ce, "Ƙanwata, ki daina ba da haƙuri a kan abin da ba ke kika ɗora wa kanki ba. Ki faɗa musu tun farkon littafi cewa ba kullum za ki riƙa saki ba, mai iya jira ya biya, wanda ba ya iyawa ya bari sai an gama." Daga baya na san ƙodarta duka biyu sun daina aiki, Sakkwato take zuwa wankin ƙoda, kowane zama awa huɗu a jikin na'ura. Tun daga ranar nake ce mata Yaya, kuma ita ta shigar da ni cikin mutanen da nake son ba da labarinsu.

Ba ƙungiya ba ce mai rajista ko shugaba, ko suna ba mu sa mata ba. 'Yan tsiraru ne, ba mu cika tabarma biyu ba, kowa yana rubutu kuma kowa yana ɗauke da ciwon da likita ya ce sai dai a lallaɓa. Akwai wani dattijo a Yawuri, tsohon malamin makaranta, mai rubutacciyar waƙa, ciwon suga ya ci ƙarfin idonsa. Baba Malam muke ce masa. Akwai wani matashi daga Zuru, Kirista ne, Dakarkari, Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta, yana da farfaɗiya, gajerun labarai yake rubutawa. Akwai wata a Ƙauran Namoda mai asma, da wata a Birnin Kebbi da ba ta taɓa faɗa mana sunan ciwonta ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba, mun dai san duk wata tana zuwa karɓar magani.

Abin da na fara samu a wurinsu shi ne hutun yin bayani. A gida ana ƙaunata, amma in na ce ciwo ya tashi sai hankalin kowa ya tashi, Inna ta fara kuka, ni kuma in koma lallashinta. A waje kuma sai ka yi ta rantsuwa kafin a yarda da kai. Akwai daren da aka kai ni wani asibiti ina murƙususu, na roƙi a yi mini allurar kashe zafi, ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta dube ni ta ce, "Ku 'yan sikila kun saba da allura, ita kuke zuwa nema." Na daɗe ban faɗa wa kowa wannan magana ba, saboda ta fi ciwon ƙona mini rai. Ranar da na faɗe ta a cikinmu babu wanda ya ce in yi haƙuri. Yaya ta tambaye ni ko ina da katin asibitin da ake duba ni, ta ce in roƙi likitana ya rubuta mini takarda mai bayanin ciwona da maganin da aka saba ba ni, in riƙa yawo da ita a jaka. Na yi hakan, kuma takardar ta sha fitar da ni.

Amma abin da ya fi riƙe ni a cikinsu ba wannan ba ne. Su ne mutanen farko da suka karanta rubutuna ba tare da tausayi ba. Tun da masu karatuna suka san ina da sikila, duk abin da na saki sai a ce "Ma sha Allah, kin yi ƙoƙari, ga ciwo ga rubutu." Yabon yana da daɗi kwana ɗaya, daga nan sai ka gane ba labarin ake yabo ba, kai ake jajanta wa. Baba Malam ba ya haka. Jikansa yake karanta masa, shi kuma ya ɗauki murya ya turo. Sai ka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗiyata, wannan jimla ba Hausa ba ce, Turanci ne kika sa wa riga. Sake ta." Ko ya ce, "Kin sa tsohuwar ƙauyen Bunguɗu tana magana irin ta 'yan matan Kano. Je ki zauna kusa da kakarki ki saurara." Ba ya taɓa rage gyara don an ce masa ina kwance. Iyaka ya ce, "In kin tashi ki duba." Wannan "in kin tashi" ya fi mini maganganun lallashi da yawa, domin a cikinsa akwai yarda cewa zan tashi, kuma aiki yana jirana.

Na taɓa rubuta labarin wata yarinya mai irin ciwona. A babin ƙarshe ta rasu a kan cinyar masoyinta, masu karatu suka yi ta kuka suna turo mini saƙo. Yaya ta kira ni bayan ta dawo daga Sakkwato, a gajiye, ta ce, "Labarin ya yi daɗi, amma ina da tambaya. Wa ya biya kuɗin jinin da aka ƙara mata? Wa ya kwana a ƙasan gado a kan tabarma? Da aka ce a kawo mai ba da jini, wa aka kira ya kashe waya? Ke kin san duk wannan, me ya sa kika ɓoye?" Daga nan muhawara ta ɓarke a tsakaninmu har kusan mako. Muka lura cewa a yawancin labaran da muke karantawa, ciwo ƙofar fita ce kawai: in marubuci ya gaji da mutum sai ya sa masa hawan jini ya yanke jiki ya faɗi, ko ya sa wa kishiya ciwo don a ce alhaki ne. Da wuya ka ga mai ciwon da ya yi shekaru yana shan magani, yana zuwa kasuwa, yana faɗa da maƙwabta, yana neman aure, yana dariya. Alhali mu haka muke rayuwa. An ce Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Mutane masu wannan yawa sun cancanci su ga kansu a littafi suna raye, ba sai a shafin mutuwa ba. Littafin da na rubuta bayan nan, jarumar tana da sikila tun shafin farko, kuma har aka rufe littafin tana nan tana sayar da atamfa.

Sai kuma aron gaɓoɓi, wanda shi ne aikinmu na yau da kullum. In yatsuna suka kumbura ba na iya riƙe waya, sai in jingina ta da filo in faɗi labarin da baki, ƙanenmu na Zuru ya buga ya dawo mini da shi. Yakan haɗa da tambaya: "Anti, nan kin ce Laraba, can baya kin ce Alhamis, wanne zan bari?" Ni kuma nake buga wa Baba Malam waƙoƙinsa. Tsofaffin da ajami ya rubuta su a takardun da suka fara cin kansu, jikansa ya ɗauki hoto ya turo, in mayar da su boko. Karatun allo da na yi a zaure ya yi mini rana a nan. Sababbin kuwa rerawa yake yi, in saurara in rubuta, in karanta masa, ya ce wannan baiti ya karye, ƙafarsa ta yi tsawo. Lokacin da idonsa ya fara dushewa sosai ya shiga damuwa, ya yi kwanaki bai ce komai ba. Da ya dawo, da kansa ya tuna mana cewa Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, kuma waƙoƙinsa na Imfiraji har yau ana rera su a ƙasar Hausa. Ya ce, "To ni mene ne nawa na zama?" Washegari ya turo baitoci.

Muna sa ido a kan juna ta hanyar da mai lafiya ba zai yi tunani ba. Rashin barci da tsallake magani suna tayar da farfaɗiya, don haka duk wanda ya ga yaron nan a kan waya tsakar dare sai ya kore shi ya je ya kwanta. Daga wurinsa na koyi cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, kuma in mutum ya faɗi ba a cusa masa cokali a baki, ana kawar da abin da zai ji masa rauni ne, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Ya ce abin da ya fi ciwon zafi shi ne ya farfaɗo ya ga mutane sun yi da'ira daga nesa, babu mai matsowa. Baba Malam kuma, saboda wuta ba ta zama, allurar insulin ɗinsa a leda yake ƙullewa ya sa a gindin randa inda ke da sanyi. In watan azumi ya zo, mukan tuna wa juna cewa Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara, kowa ya tambayi likitansa da malaminsa, wanda ba zai iya ba ya ciyar. Ni ƙishirwa kaɗai tana iya kwantar da ni, amma kunyar a gan ni ina shan ruwa da rana ta daɗe tana damuna, sai da na ji dattijo kamar Baba Malam yana cewa shi ma ciyarwa yake yi.

Masu tallar magani da lasifika a bakin tasha, waɗanda suke cewa kwalba ɗaya tana mayar da SS ya koma AA, su ma mun sha maganarsu. Babu wanda ba a taɓa kawo masa irin wannan ba, yawanci ta hannun ɗan'uwa mai kyakkyawar niyya. Abin da aka tabbatar yana raba mutum da sikila, wanda aka daɗe ana yi, shi ne dashen ɓargo. An fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin irinmu, kuma sai an sami wanda ɓargonsa ya dace. Abin da ke hannunmu shi ne folik asid, da rigakafin zazzaɓi, da gidan sauro, da shan ruwa da yawa, da maganin haidroksiyuriya ga wanda likita ya ɗora shi a kai yana bibiyar jininsa. Yaya ita ce mai tsanani a wannan fage. Takan ce ƙoda ba ta yafe jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, duk wanda aka ba shi wani abu ya kai wa likita ya gani kafin ya kai baki.

A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mutane sun yi maganar kasuwanci da ya tsaya da kuɗin da ba a iya turawa, kuma gaskiya ne. Ni abin da na rasa shi ne mutanena. Na Kebbi suna tare, ni da ta Ƙauran Namoda muka zama a ware, ko junanmu ba ma ji. Ciwo ya tashi mini a cikin makonnin nan, na kwanta, babu wanda zan faɗa wa da zai gane ba tare da hankalinsa ya tashi ba. Ana nan sai ga wani direban motar Sakkwato ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ambulan. Yaya ce ta ba shi a tasha ranar da ta je wanki, ta kwatanta masa unguwarmu da sunan mahaifina. Takarda ce ta littafin makaranta, an cika ta gaba da baya. Ta kwafo mini gaisuwar kowa da hannunta, ta rubuto baitoci biyu na Baba Malam, a ƙasa kuma ta ce, "Kada ki ce babu waya ki ajiye alƙalami. Ki rubuta a takarda, direban nan yana dawowa." Rubutun yana karkacewa wajen ƙarshe, na san hannun ya gaji, ga shi ɗayan hannun ba ta wahalar da shi saboda nan ake sa mata allurar wanki. Na cika takardu na ba direban. Haka muka yi har aka maido da layi a Gusau a farkon Oktoba. 'Yar'uwarmu ta Ƙaura sai da ta ƙara jiran makonni.

Yaya ta rasu bayan wannan da shekara ɗaya da wani abu. Kuɗin wanki ya ci gonar gadonta da kayan ɗakinta, zuwan da ya kamata ta yi sau biyu ko uku a mako ya koma sau ɗaya, wani makon ma babu. Mun yi karo-karo iya ƙarfinmu, amma dukkanmu masu sayen magani ne. Na je ta'aziyya Argungu, tafiya mafi nisa da na taɓa yi, da jarkar ruwa a cinyata da bargo. A nan na fara ganin ƙanenmu na Zuru ido da ido. Ya zo tun safe, ya zauna a waje tare da maza har aka watse. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara.

Ta bar littafi a tsakiya, kuma na kuɗi ne, mutane sun riga sun biya. Baba Malam ya ce wannan bashi ne a kanta, kada mu bari ta kwana da shi. Da izinin mijinta muka bi masu karatunta ɗaya bayan ɗaya, muka ce duk mai son kuɗinsa za a mayar masa. Kusan duka suka ce sun yafe, 'yan kaɗan da suka karɓa muka biya su ba tare da ganin laifinsu ba. Sai maganar ƙarasa littafin ta taso, kuma a nan muka rabu biyu. Wasu suka ce ta faɗa mana inda labarin ya dosa, mu ƙarasa mata. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi. Na san yadda take auna kowace kalma, na san sau da yawa takan sauya ƙarshen labari a daren da za ta sake shi, ba zan iya sa mata magana a baki tana kabari ba. Baba Malam ya ce rubutu dukiya ce, ya shiga gado, hukuncinsa yana hannun magada. Babbar 'yarta tana sakandare, tana da son karatu, don haka muka tattara babukan da muryoyin da Yaya ta bari tana bayanin labarin, muka damƙa wa mahaifinta ya ajiye mata har ta girma ta yanke abin da ta gani.

Yanzu mun ƙaru. Wata mai sikila daga Talatar Mafara ta shigo, da wani mai ciwon zuciya daga Jega, kuma ni ce nake kiran sababbi in faɗa musu su daina ba da haƙuri. Muna haɗa littafi guda na gajerun labarai da waƙoƙi, kowa zai kawo nasa, sharaɗin kawai shi ne mai ciwon da ke cikin labarin ya kasance mutum ne mai harkokinsa. Mun so a ce ya fito ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, amma ba mu sa shekara ba, saboda mun san jikinmu. Ƙanenmu na Zuru yana tambayar farashin ɗab'i a Kano da Zariya, abin da aka samu kuma mun amince zai tafi karatun 'ya'yan Yaya. Baba Malam ya riga ya miƙa waƙoƙinsa uku. Nawa labarin ya dawo mini da shi karo na biyu, ya ce tsakiyarsa ta yi sanyi, kuma likitan da ke ciki yana magana kamar mai wa'azi. Na ce masa sai hunturu ya wuce yatsuna sun saki, ya ce ya ji, amma kada in wuce watan Maris.